Lokacin da Jiragen Farfela Ke Yada Zango a Kano

A watan Satumba na 1940 wasu jiragen yaƙi guda 6 ƙirar Hurricane suka tashi daga Takoradi ta ƙasar Gana, suna biye da wani jirgi mai inji biyu, Blenheim, da ke yi musu jagora. Masar suka nufa. Italiya ta shiga yaƙi tun watan Yuni, Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta ƙasan Afirka kuwa tafiyar makonni ce. Sai aka ɓullo da dabara: a kawo jirgi a warwatse cikin akwatunan katako, kanikawa su harhaɗa shi a Takoradi, ya ƙarasa sauran tafiyar da fukafukansa. Zangonsu Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ake kira Injamena yau, Jinaina, Fashir, Hartum, sannan a bi Kogin Nilu har Masar. Daga Kano zuwa gabas, kusan hanyar alhazan ƙafa ce, wadda kakanninmu kan kwashe shekaru suna takawa. Su kuwa kwana 6 suke yi idan an taki sa'a. Kafin 1943 ta ƙare, jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Dama Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun a watan Nuwamba na 1925 jirage 3 na sojan saman Ingila suka zo daga Masar suka sauka a birnin, ƙarƙashin Arthur Coningham, mutumin da daga baya ya shugabanci rundunar saman hamada, wadda waɗannan ayarori ke kai wa gudummawa. Ban riski zamanin ba, amma na riski tsofaffin da suka gan shi suna yara, kuma abin da suka fi riƙewa shi ne ƙarar: rurin da ke tasowa daga kudu da rana tsaka, ya sa a bar wasa a ɗaga kai.

Ni abin da ke ɗaukar hankalina shi ne mutumin da ke ciki. Hurricane kujera ɗaya gare shi. Matashi ya koyi tuƙi a ƙananan jirage irin su Tiger Moth da Harvard tare da malami, amma ranar da aka ɗora shi a kan jirgin yaƙi, shi kaɗai ne da Ubangijinsa. A gabansa akwai injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce, mai silinda 12 da ƙarfin doki fiye da 1,000. Tayoyin manya biyu suna gaba, ƙarama ɗaya tana can ƙarƙashin wutsiya, don haka idan jirgin na ƙasa hancinsa a sama yake, ya tare wa matuƙi gabansa. Kafin ya isa bakin titin tashi sai ya riƙa karkata hagu da dama yana leƙe ta gefe, kuma ba ya jinkiri, domin injin da ruwa ke sanyaya shi ba ya jure tsayuwa a zafin Kano. Da ya tura totur, ƙarfin juyawar farfela zai fizgi hanci zuwa hagu, sai ya tare da ƙafar dama tun kafin abin ya yi nisa. Yana barin ƙasa kuma ya sauya hannu a sanda, saboda abin ɗage tayoyi yana ɓangaren dama. Masu kallo daga ƙasa kan gane sabon shiga daga yadda jirginsa ke rangaji a wannan lokacin.

Tashi kenan, kuma shi ne mai sauƙin. Sauka ita ce jarrabawar.

A ce mutum ya taso daga Legas, ya yi fiye da mil 500 a ɗaure cikin ɗan akurkin da rana ta gasa, babu abin dogaro sai jirgin jagora da ke gabansa. Idan hunturu ne, hazo ya shafe iyakar sama da ƙasa, ba ya ganin badala sai ya zo kanta. Yanzu zai rage gudu, ya buɗe murfin gilashi, ya sauke tayoyi da maburkan fukafuki, ya gangaro da gudun mil 90 a awa ko kusa da haka. Ba ya miƙowa fili kai tsaye. Lanƙwasowa yake yi a hankali don filin ya zauna a gefen idonsa, ya daidaita a ƙarshe, daidai lokacin da hanci zai sake rufe masa komai. Daga nan sai aikin jiki. Ya janye totur, ya riƙa jan sanda kaɗan-kaɗan, yana hana jirgin taɓa ƙasa har ƙarfin tashi ya ƙare masa, tayoyin uku su dira tare. Ya yi gaggawa, jirgin ya yi tsalle ya koma sama. Ya makara, ya faɗo tim.

Ko ya dira, da sauran rina a kaba. Nauyin irin wannan jirgi yana bayan manyan tayoyi, saboda haka wutsiya kullum neman wuce hanci take yi. Iska ta ɗan bugo daga gefe, ƙafa ta yi sanyi na daƙiƙa guda, sai jirgi ya juya a wuri ɗaya, fiffike ya daki ƙasa. A matse birki da ƙarfi kuma ya kife a kan hancinsa, farfela ta tafi. Duk wanda ya ga mahayi ya sako doki a guje ranar hawan Daushe, ya ja linzami ya tsaya cak a gaban Sarki, ya san irin wannan ƙwarewa: hannu da ƙafa da ido suna aiki tare ba tare da sun jira tunani ba. Hurricane yana da rangwame, domin wanda ya zana shi, Sydney Camm, ya ba shi tayoyi masu tazara da jiki mai jure wahala, rabinsa na baya ma ƙyalle ne aka lulluɓa. Spitfire, wanda ya fi shi kyau da gudu, tayoyinsa a matse suke, ba ya yafe sakaci. Shi ne kuma jirgin da runduna ta 91 ta sojan saman Ingila ta tuƙa, wadda aka laƙaba wa sunan Nijeriya saboda kuɗin da mutanen ƙasar suka tara.

Ba kowa ya kai ba. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti don a hango wanda ya faɗi a daji, kuma ƙura takan cinye inji duk da matatar da aka ɗaura masa a haɓa, har wasu sai an yi musu garambawul a Masar kafin su shiga yaƙi. A watan Janairu na 1942 jirgin Jamus guda ya tsallako Sahara ya ƙona man da aka tara a Fort Lamy.

Jirgin yau ya fi aminci nesa ba kusa ba, kuma na gode wa Allah da hakan duk lokacin da na hau. Amma ina jin kewar zamanin da saukar kowane jirgi ke nuna halin matuƙinsa. An ƙera Hurricane fiye da 14,000; waɗanda ke iya tashi yau ba su kai 20 ba. Wasu suna Coningsby, wasu suna Duxford a Ingila, kuma matuƙan jet da aka zaɓa don su tuƙa su sai sun koma ƙananan jirage masu tayar wutsiya, sun koya wa ƙafafunsu aiki daga farko.