Kan Nok da Ƙasar da Ta Riƙe Shi

Kwanakin baya na sauka Kwoi, na zarce ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. A wata gona na tarar da wani saurayi yana kewaya guntun kan yumɓu da garma ta bankaɗo, yana ta ɗaukarsa hoto ta kowace fuska. Ya ce kwamfuta za ta harhaɗa hotunan ta fitar da cikakkiyar siffarsa. Amma sai ya fara share bayan hotunan duka a lokaci guda, wato ƙasa da ciyawa, don kada su ruɗa na'urar.

Jama'a, abin ya tsaya mini a rai. Ai haka masu haƙar sata suka yi mana: suka raba kawunan da ƙasar da ta riƙe su fiye da shekara 2000, suka sayar a Turai. Alhali kuwa gawayi da tsingaron da ke cikinta su ne shaidun da masana ke karantawa.

Na roƙe shi ya adana hotunan na asali. Bayan hoto dai ana iya maido da shi, amma ramin da ɓarawo ya hautsina ya tafi ke nan.