Wa Zai Yi Ƙorafi a Kan Dokin Kara?

Akwai wata jama'a a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wadda in aka ba mutumin ƙauyenmu labarinta sai ya riƙe baki ya ce, "Allah ɗaya gari bamban." Manya ne, magidanta, wasunsu har da furfura, ga aikin yi ga iyali, amma abin da suka sa a gaba shi ne tara 'yan tsana. Ba irin waɗanda ƙannenmu mata ke goyawa nake nufi ba. Wasu 'yan mutum-mutumi ne na roba da ake ƙerawa da siffar sojoji da jarumawan sinima da 'yan kokawa, a yi musu gaɓoɓi masu lanƙwasuwa, a haɗa su da bindiga ko takobi. Mutum ɗaya sai ya sayi ɗari ko fiye, ya jera su a kabad mai gilashi kamar yadda amarya ke jera kwanuka a ɗakinta, kuma ko ɗan cikinsa ba ya yarda ya taɓa su. Abin da ya fi ja mini hankali game da mutanen nan shi ne yawan ƙorafinsu, kuma a kansa nake so mu ɗan tattauna da 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1964 wani kamfani na Amurka mai suna Hasbro ya fitar da wani sojan roba da ya kira G.I. Joe, mai tsawon inci 12. Masu kamfanin sun san yaro namiji ba zai yarda a ce yana wasa da 'yar tsana ba, saboda haka suka laƙaba wa abin wani suna na dabam a Turance, mai ma'anar siffa mai motsi. Mu a Hausa ba mu da wannan wahala, domin "'yan tsana" ta ɗauki mace da namiji. Bayan fim ɗin Star Wars ya fito a 1977, kamfanin Kenner ya shiga sayar da ƙananan siffofin jarumawansa a 1978, waɗanda ba su kai inci 4 ba. Yaran da suka yi wasa da su a lokacin su ne suka girma suka zama masu tarawa. Har akwai wata siffa ta wani ɗan fim ɗin mai suna Boba Fett, wadda aka yi ta da ɗan makami mai harbawa, aka fasa sayar da ita don gudun kada yaro ya haɗiye makamin. A 2024 an yi gwanjon guda ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Kuɗin gonaki nawa ke nan a gefen Kadawa?

To, mene ne kukansu? Suna cewa fenti ya zarce inda aka nufa, an yi wa jarumi ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Suna cewa gaɓa ta yi sako-sako, soja ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa, ko kuwa ta yi tauri, garin lanƙwasawa ta karye. Suna cewa farar roba takan koma ruwan ɗorawa in ta shekara biyar ko goma. Suna cewa kamfani ya ɗauki gangar jiki ɗaya ya yi ta canja mata kai, ya sayar da sunan mutane goma, alhali a fim wani ƙato ne wani siriri. Babban kukan kuwa shi ne rashin kama. Mu mukan ce kama da wane ba ta wane, amma su cewa suke tun da sunan wane aka rubuta a kwali, aka karɓi kuɗinsu, to dole fuskar ta zama ta wane.

Kada mai karatu ya zaci kukan banza suke yi. A 2022 kamfanin Hasbro ya shiga sa irin waɗannan kaya cikin rufaffen kwali, ya cire 'yar tagar roba da mai saye ke leƙawa ya ga abin da ke ciki, ya ce yana so ya rage sharar roba a duniya. Masu tarawa suka ce ba su yarda da sayen kifi a ruwa ba, domin ta tagar nan suke zaɓen wanda fentinsa ya fita daidai. Suka yi ta surutu, har a 2023 kamfanin ya ba da sanarwar zai mayar da tagar. Kukan kurciya jawabi ne, kuma mai kamfani ya gane jawabin tun da ya shafi aljihunsa.

Na san abin da dattijon garinmu zai ce in ya ji wannan. Zai ce wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Maganar kuwa ta dace da yadda muka tashi. Ni mutumin Madobi ne, kuma mu yaran wannan yanki, har zuwa Kura da Bunkure, ba a saya mana kayan wasa, mu muke yi wa kanmu. In kaka ta yi aka yanke dawa, sai mu bi gona mu zaɓi kara mai kauri, mu fere ɓawonsa siri-siri, mu yayyanka tsokar ciki mai taushi, mu harhaɗa mota ko jirgin sama ko tabarau. Wanda ya sami langalanga da gwangwanin tumatir shi ne attajiri, domin zai ƙera tirela, ya yanko mata tayoyi daga tsohon silifa, ya yi mata dogon sitiyari yana tuƙawa a tsaye. Da yake mu 'yan bakin ruwa ne, har injin ban ruwa mukan kwaikwaya da gwangwani da guntun tiyo, mu haƙa 'yan hanyoyin ruwa mu raba kwamai kamar na iyayenmu. Laka kuwa ba ta yanke mana, da ita muke gina shanu da dawaki da mahayansu. Mata su yi 'yar tsana da kara ko ƙashi, su yi mata kitso da zare, su ɗaura mata ƙyalle, har ranar da za a yi mata biki.

Abin da nake so a lura da shi, mu ma muna da masu ƙorafi, kuma sun fi na Amurka tsanani. In ka gina sa ka kawo dandali, nan take wani zai ce tozon ya yi baya, wani ya ce ka ɗora wa bokolo ƙahon rahaji, kai ba ka taɓa ganin garke ba ne? In doki ne, a tambaye ka ina linzami, ina likkafa, kuma don me mahayin ya zauna kamar buhun shinkafa? In mota ce, a tura ta kan kunya a gani ko gindinta zai ɓalle. Babu mai jin haushi, domin mai sukar nan gobe shi zai kawo tasa a soke ta. Da haka hannu ke faɗawa. Akwai wani yaro a unguwarmu da suka ta gyara shi har ya zama in ya gina doki manya kan tsaya su duba. A wurinmu mai ƙorafi da mai ƙira mutum ɗaya ne, shi ya sa karin maganar tsayuwar wata ta zauna daidai.

Ina ɗan shekara tara ko goma na tara kuɗin barka da Salla na sayi wani jarumin roba a kasuwa, mai jar riga da rufaffiyar fuska, wanda ko sunan kamfanin da ya yi shi babu a jikinsa. Ran nan duk dawakin laka suka zama abin kunya, yara suka yi layi don su taɓa shi. Kafin kwana uku hannunsa na dama ya fita, fentin ƙirjinsa ya bi tafin hannuna. Na gwada zare, na gwada ƙaya, na ɗumama wuƙa a murhu don in liƙe shi, sai robar ta narke ta yi wari. Na koma wurin mai tireda, ya ce shi ma a dozin ya saro su, araha kuwa ba ta ado. A nan ne karin maganar dattijonmu ta gaza. Wannan wata ba ya hawuwa. Wanda ya yi shi yana wata ƙasa, bai san ni ba, kuma babu hanyar da kukana zai kai gare shi.

Ashe ke nan mun faɗa tsakiya. Ɗan Amurka ba ya ƙera abin wasansa, amma yana da baki, kamfani na jin tsoronsa. Yaron Madobi na dā ba shi da kamfani, amma yana da hannu da idon suka. Ƙannenmu na yau kuwa ana neman raba su da duka biyun: ba su ƙera ba, kuma in an sayar musu da rubabbe babu mai saurarensu. Har noman ranin da ya rufa mana asiri yana da hannu a ciki. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya biyo hanyoyinsa zuwa gonakinmu, shinkafa da alkama da tumatir suka karɓe wurare da yawa da dā dawa ce a cikinsu. Mahaifina kan ce a zamaninsu rani lokacin wasa ne, kara kuwa har ya yi yawa. Yanzu shinkafa ba ta barin kara, yaro kuma da rani yana gona yana korar tsuntsaye ko yana tsinkar tumatir, in ya dawo ga wayar yayansa. Ba ina kuka da arziki ba ne, Allah ya ƙara albarka. Ina faɗin abin da ya tafi ne ba tare da an yi masa sallama ba.

Akwai 'yan ƙasarmu da suka raina tsayuwar watan, suka kuma hau. Wani mutumin Ikko, Taofick Okoya, ya nemi baƙar 'yar tsana a kantuna ya rasa, sai ya kafa sana'ar yin nasa a 2007, ya kira su Queens of Africa. Ya yi Nneka ta Ibo, da Wuraola ta Yarabawa, da Azeezah ta Hausawa. Ya cancanci yabo, ko da yake ɗalibin Hausa zai so a rubuta sunan Aziza bisa ƙa'idar rubutunmu. Ga kuma Haneefah Adam ta Ilorin, wadda ta shahara a 2016 saboda ɗinka wa 'yar tsanar Barbie ƙananan hijabai da dogayen riguna da hannunta. A 2017 kamfanin Mattel mai yin Barbie ya ba da sanarwar fitar da ta farko mai hijabi, da siffar 'yar wasan takobin Amurka Ibtihaj Muhammad. Waɗannan duka sun nuna in mutum ya ce abin nan bai yi kama da ni ba, ya kuma dage, ana iya jin sa.

Wani zai ce ina ruwan Musulmi da mutum-mutumi? Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni ne zan yi fatawa ba. Abin da muka karanta a Islamiyya shi ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama, kuma a kan haka malamai da yawa suka sauƙaƙa a kayan wasan yara. Ni ma a kan na yara nake magana. Ba ina kiran magidantanmu su cika kabad da sojojin roba ba ne.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Ran da wani kamfani zai ga akwai kasuwa a ƙasar Hausa, ya ƙero ɗan dambe ko dogari ko ɗan lifidi na roba, wa zai duba masa? In ya naɗe wa ɗan dambe hannu biyu maimakon ɗaya, ko ya ɗora wa dogari rawani mai kunne biyu irin na 'ya'yan sarki, ko ya ba ɗan lifidi hular sojan Rum a madadin kwalkwali, yaron da bai taɓa gina doki ba zai karɓa ya ce haka abin yake. Ya girma a kan haka, ya koya wa ɗansa. Ƙorafi ba ya fitowa sai daga wanda ya san yadda abu ya kamata ya kasance, sanin nan kuwa a dandali muka same shi, kuma dandalin yana watsewa.

Saboda haka ina roƙon 'yan wannan ƙungiya tamu. Muna rubuta kundin digiri a kan waƙa da tatsuniya da karin magana, kuma daidai ne. Amma in an yi hutu kowa ya koma garinsu, ya nemi yaron da ya fi iya motar kara ko shanun laka, ya zauna ya ga yadda yake yi. Ya rubuta sunan kowane sashe kamar yadda yaran ke faɗa, ya rubuta irin sukar da suke yi wa juna, domin a cikinta ma'aunin kyau na Bahaushe yake. In zai yiwu ya saya, ya biya yaron da daraja, ya kawo mu ajiye a sashenmu da sunan garin da shekarar. Dokin laka ba ya kai shekara in ba a adana shi ba, motar kara kuwa damina ɗaya ta ishe ta. Mutanen da muka fara da labarinsu sun adana robar 1978 har ta kai yau. Mu ma muna iya adana namu, in mun ɗauke shi abin da ya isa a yi gardama a kansa.

Allah ya sa mu dace, amin.