Ruwa Ba Ya Jin Magiya

Da yawanku kun yi ta tambayar me ya tsayar da ci gaban littafinmu, to ku yi haƙuri, yau wani labari na zo muku da shi, kuma ba ƙirƙirarre ba ne.

Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa ya ɗan san abin da zan faɗa, sai dai na Ingila an haƙa su ne don dakon kaya. Na Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761, gawayin ƙasa yake kaiwa Manchester, dawakai na jan jiragen daga gaɓa. Da jirgin ƙasa ya ƙwace musu kasuwa sai suka koma wajen shaƙatawa. Jiragen sirara ne, faɗinsu bai cika ƙafa 7 ba, tsawon wasu ya kai ƙafa 70, da gado da kicin da banɗaki a ciki, kuma doka ba ta yarda ka wuce gudun mil 4 a awa ba. Wato mai tafiya da ƙafa in ya ɗaga sawu sai ya wuce ka.

Ƙanina da ke zaune a Birmingham shi ya yi hayar ɗaya lokacin da na ziyarce shi a watan Yulin 2019, ya ce mu je Warwick da shi da matarsa. A jirgin ƙasa ba a yin awa guda, mu kuwa kwana uku muka yi. Abin da ban gaya muku ba, rabonsa da gida shekara tara, har mahaifiyarmu ta rasu bai zo ba, kuma sati biyu ina gidansa daga gaisuwa sai hirar abinci, kowa na kauce wa maganar.

Tsaiko na farko inji ne. Ba mu yi nisa da barin gari ba ya soma gurnani, jirgin ya ƙi gaba. Ashe leda da igiya ne suka nannaɗe farfela. Akwai wata 'yar ƙofa a bayan jirgin daidai saman farfelar, sai an kashe inji an zare mukulli, sannan a buɗe a zura hannu cikin ruwan sanyi a yi ta yanka. Yana durƙushe hannunsa a ruwa har kafaɗa, ni ina miƙa masa wuƙa, na tuna rabon da mu yi wani aiki tare tun yana firamare ina wanke masa allo.

Na biyu gada ce, bayan mun karya kwana a Kings Norton mun shiga kanal ɗin Stratford. Irin gadar nan ce da mota ke bi ta kai, in jirgi ya zo a sa mukulli a danna maɓalli ta ɗaga sama. Aka danna, ta ce ba ta san zancen ba. Awa biyu muna jiran mai gyara, jirage huɗu suka yi layi a bayanmu. Ni da na saba da tashar mota ina jiran in ji hayaniya, sai na ga wata tsohuwa ta ɗora shayi tana rabawa, mijinta ya ɗauko ƙugiya ya hau kamun kifi. Muka shimfiɗa darduma a gaɓa muka yi la'asar. Matar ƙanina, Allah ya yi mata albarka, ta ce za ta taka ta nemo burodi, ta bar mu mu biyu. Ya daɗe yana kallon ruwa, can ya ce, "Yaya, Hajiya ta ambace ni kuwa?" Na ce, "Har daren ƙarshe." Bai ƙara cewa komai ba.

Na uku shi ne lok, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi gaba da baya, wanda da shi jirgi ke hawa tudu ko ya sauka. Ka shiga, a rufe ƙofar baya, a sa hannun ƙarfe a murɗa a buɗe mafitar ruwa, jirgi ya yi ta yin ƙasa a hankali. Ƙofar gaba kuwa ko ƙarti goma ne suka tura ta ba za ta motsa ba, sai ruwan ciki da na waje sun zo daidai, a lokacin ko yaro ya jingina bayansa sai ta buɗe. A Hatton guda 21 ne a jere cikin kamar mil 2, masu faɗi, jirgi biyu ke shiga tare don tattalin ruwa. Awa biyar muka yi, tafin hannuna har ya yi kanta. A nan ne, muna tura sandar ƙofa ɗaya, ya gaya mini cewa a lokacin rasuwar takardunsa na zama suna hannun hukuma, in ya fita ba damar dawowa, kunyar faɗa kuma ta hana shi kira. Ya yi kuka, na yi kuka, jirgin da ke bayanmu ya jira mu ba wanda ya ce uffan.

Mu marubuta mun saba in masoya suka ɓata sai mu shirya su a shafi biyu, saboda mai karatu na sauri, ɗan kasuwa na jiran kashi na biyu. A gaske ba haka zuciya take ba. Da a mota muka tafi, da mun isa Warwick da maganarmu a ciki. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, wannan karon dai jinkirin ne ya yi mana rana.

Ƙanina ya zo gida a 2022, ya ziyarci kabarin Hajiya. Ku sa ta a addu'a, Allah ya jiƙan namu da naku. Ci gaban littafi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.