Yadda Wani Mai Goro Na Agege Ke Auna Gwanayen Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya san Agege ya san goro da jirgin ƙasa ne suka raya Zangon Hausawa a wurin, tun zamanin da fatake ke gangarowa daga Arewa su sari goro a hannun manoman ƙasar Yarbawa, su yi lodinsa a tasha. Saboda haka hirar majalisun unguwar ba ta cika wuce kuɗin huhun goro, da cinikin shanu a mayankar Oko-Oba, da siyasa ba, sai ko ƙwallon ƙafa idan samari sun yi yawa a kan benci. Amma akwai wani dattijo ɗan kasuwar goro, haifaffen unguwar, wanda iyayensa Kanawa ne, da ya ɗauki wata hanya dabam. Shi ƙwallon kwando ne abin ƙaunarsa, tun ranar da ya fara ganinta yana yaro a babban filin wasa na Surulere, lokacin wasannin ƙasashen Afirka na 1973. Yana da tarin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowace shekara da nata, inda yake rubuta wanda yake ganin zai yi nasara kafin a buga wasa, tare da dalilinsa. Bai taɓa sa ko kwabo a kan wani wasa ba, domin caca ce. Abin da yake sawa shi ne maganarsa, wadda kuwa ita ce jarin mai goro.

Ya kamata mai karatu ya san yadda tsarin yake a babbar gasar Amurka, watau NBA. Kowane kulob yana buga wasa 82 a shekara, sannan a ɗebi takwas daga shiyyar Gabas, takwas daga shiyyar Yamma, su shiga zagayen fid da gwani. A nan ba wasa ɗaya ake yi a watse ba. Kulob biyu za su yi ta karawa da juna, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan, har ɗaya ya ci huɗu cikin bakwai. Dattijon nan yakan ce wasa 82 ɗin nan kamar saman huhu ne, inda mai sayarwa ke jera manyan ƙwayoyi masu kyan gani. Karo bakwai da abokin gaba ɗaya kuwa shi ne zazzage huhun har gindi, kuma in da sankara a ciki lalle sai ta bayyana, domin abokin karawarka yana da mako biyu cur na binciken inda kake da rauni.

Littafin da ya fi daraja a wurinsa shi ne na 1995. A shekarar, kulob ɗin Houston Rockets, inda Hakeem Olajuwon ɗan Ikko yake wasa, shi ne mai riƙe da kofi, don ya kayar da New York Knicks a wasa na bakwai a watan Yuni na 1994. Amma sai ya yi shekara mai rauni, ya ci wasa 47 kaɗai, ya ƙare a matsayi na shida a Yamma. Ma'anar wannan ita ce duk wanda zai haɗu da shi ya fi shi matsayi, kuma wasan raba gardama a gidan abokin gaba za a yi shi. Ba a taɓa samun kulob na shida da ya ɗauki kofi ba. Duk da haka mai goron nan ya rubuta a shafin farko cewa kofin ba zai bar Houston ba.

Mutanen majalisa ba su ɗauki wannan a matsayin lissafi ba, sun ce son zuciya ne kawai. Dalilinsu kuwa ba a ɓoye yake ba. Hakeem Musulmi ne mai riƙo da addini, wanda ya yi azumin watan Ramalana yana wasa a cikin Fabrairun shekarar, har aka zaɓe shi gwanin watan. Kuma ɗan gari ne, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Ikko, ya tsare gida a ƙwallon ƙafa, ya buga ƙwallon hannu, kafin ya tafi Amurka a 1980. Wasu kuma suka ɗauko ta wani gefen, suka ce ina amfanin yabon mutumin da ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993. Sannan kada a manta da irin zaman da ake yi a Ikko a lokacin. An soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, Cif Abiola yana tsare tun watan Yuni na 1994, baƙi da yawa sun taɓa kwashe iyalansu zuwa gida saboda tsoro, kuma tsakanin Bahaushe da maƙwabcinsa Bayarabe ana gaisawa ne kowa yana auna kalmarsa. A irin wannan hali, Bahaushe ya zauna yana kururuta ɗan Yarbawa kullum dare ba abu ne da kowa zai ji daɗinsa ba. Gaskiyar magana ita ce akwai so a cikin hasashen, amma son bai hana lissafin tsayuwa da ƙafafunsa ba.

Karon farko da Utah Jazz ne, masu nasara 60, masu Karl Malone da John Stockton, kuma a wancan zamani zagayen farko wanda ya ci uku cikin biyar ne ke wucewa. Hujjar dattijon ita ce Utah ba su da dogon da zai iya tsare Hakeem shi kaɗai, dole su tura mutum biyu a kansa, kuma duk lokacin da suka yi haka akwai wani ɗan Houston da ya rage ba mai tsaronsa a nesa, inda jifa ke da maki 3. Daɗin daɗawa, a watan Fabrairu Houston sun sallama Otis Thorpe sun karɓo Clyde Drexler, abokin wasan Hakeem tun suna jami'a. Masana da yawa sun soki wannan musaya, shi kuwa ya ce an ba da mai ɗaukar kaya ne an karɓo mai yanke ciniki. Utah suka ci biyu cikin ukun farko, Houston suka rama, sannan suka je har gidan Utah suka ci na biyar da 95 da 91.

A karo na biyu ne maganarsa ta kusa zubewa. Phoenix Suns na Charles Barkley suka ci uku, Houston na da ɗaya. Wani matashi mai sayar da kaset a wajen Pen Cinema, wanda shi ke samo masa bidiyon wasannin, ya ce masa, “Baba, a rufe littafin nan haka, bana ba taku ba ce.” Ya amsa masa da cewa, “Yaro, ai bara ma waɗannan mutanen sun ci biyun farko, ina suka ƙare?” Haka kuwa aka yi a 1994, Phoenix sun fara cin biyu a gidan Houston, daga baya aka fid da su a wasa na bakwai. Ra'ayinsa shi ne kulob ɗin da aka taɓa ƙwace wa nama a baki, hannunsa yakan yi rawa idan ya sake ganin mai ƙwacen. Houston suka ci uku a jere, na ƙarshen a gidan Phoenix da 115 da 114, bayan Mario Elie ya jefa mai maki 3 daga lungu ana saura 'yan daƙiƙoƙi.

Karo na uku shi ne wanda ya fi yi wa dogon sharhi, har shafi huɗu. San Antonio Spurs sun fi kowa nasara a shekarar, wasa 62, kuma dogonsu David Robinson ne aka ba lambar gwanin shekara, wadda Hakeem ya riƙe a 1994. Abu biyu ya kafa hujja da su. Na farko, Robinson mutum ne mai gudu da tsalle, mai saurin tashi sama don ya kaɗe ƙwallo, Hakeem kuwa gwanintarsa a ƙafa take, ya yi kamar zai juya dama, mai tsaro ya tashi, shi kuma ya sulale ta hagu. Mai saurin tsalle shi ne abincin irin wannan ɗan wasa, kuma dattijon yana danganta wannan iya taku da ƙwallon ƙafar da Hakeem ya buga a Ikko. Na biyu, gidan San Antonio ba zaman lafiya, domin Dennis Rodman, wanda ya fi kowa iya cafke ƙwallon da ta kuskure kwando, ba ya ga maciji da mai horar da su. Ayarin da madugu da jagaba ba sa magana, in ji shi, ba ya kai kaya Gwanja. Aka tashi huɗu da biyu, Hakeem yana zuba maki 35 a kowane wasa idan aka daidaita.

A shiyyar Gabas bai ɓata tawada da yawa ba. Ya ba Orlando Magic nasara a kan Chicago Bulls, don Michael Jordan bai daɗe da komowa daga ritaya ba, wasa 17 kaɗai ya buga kafin zagayen, kuma haka ta faru. Ya ba New York nasara a kan Indiana Pacers, nan kuwa Indiana ce ta wuce a wasa na bakwai.

Da aka zo karon ƙarshe, yawancin masu sharhi Orlando suka zaɓa, saboda Shaquille O'Neal, ƙato mai shekara 23, da Penny Hardaway. Shi kuwa ya ce Orlando sabon goro ne, ga ruwa ga kyan ido, amma Houston daushe ne, wanda ya sha ajiya ya nuna. Ya ƙara da cewa a duba jifan da ake ba ɗan wasa shi kaɗai idan an yi masa ƙeta, domin a nan ne zuciya ke tona asirin hannu. A wasan farko, ran 7 ga Yuni, wanda aka fara wajen ƙarfe biyun dare agogon Nijeriya, Orlando suka yi gaba da maki 20, Houston suka biyo su, sannan Nick Anderson ya zubar da irin wannan jifa har huɗu a jere a daƙiƙoƙin ƙarshe, alhali ɗaya tak ta ishe su. Aka shiga ƙarin lokaci, Hakeem ya dangwala ta ƙarshe, aka tashi 120 da 118. Dattijon ya rubuta wasa shida ne za a yi, amma a huɗu aka gama, ran 14 ga Yuni. Washegari maƙwabtansa Yarbawa suka yi ta zuwa rumfarsa suna yi masa barka, sai ka ce shi ya haifi Hakeem.

Game da gasar gida kuwa, ma'auninsa dabam ne. A Nijeriya akan raba kulob-kulob shiyyar Savannah da ta Atlantic, sannan a tara waɗanda suka yi fice a gari ɗaya, a gama komai cikin kwanaki kaɗan, wasa yau wasa gobe. A nan babu damar zazzage huhu, don haka abin da yake dubawa shi ne yawan 'yan canjin da ke kan benci, da ko an biya 'yan wasa haƙƙinsu kafin su taso. Da wannan ma'auni ya riƙa zaɓen Kano Pillars, waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa sau bakwai tsakanin 2008 da 2017, suka kuma zo na uku a gasar zakarun kulob na Afirka a Alƙahira a 2016. Amma a 2017 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano, ɗaya a Abuja, gasar ta shiga tangal-tangal, kuma littattafansa na shekarun da suka biyo baya rabinsu farar takarda ce.

Tun da aka fara buga sabuwar gasar Afirka ta BAL a 2021 har zuwa 2025, kofin ya tafi Masar sau biyu, a hannun Zamalek da Al Ahly, ya je Tunisiya a 2022, Angola a 2024, Libiya a 2025. Mafi nisan da wani kulob na Nijeriya ya kai a waɗannan shekaru shi ne matsayi na uku da Rivers Hoopers na Fatakwal suka samu a 2024. Hasashen dattijon, wanda ya rubuta da jar tawada, shi ne kofin zai ci gaba da kewaya tsakanin Arewacin Afirka da Angola muddin kulob-kulob ɗinsu na wasa wata da watanni a gida, na Nijeriya kuwa ana tara su na 'yan makonni a sallame su. Ya bar fili a ƙasan shafin don rubuta shekarar da Pillars za su fara shiga gasar.