Tuntuɓe a Tsakar Gida

Mai karanta Linjila a harshen Hausa ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar tuntuɓe. Tana nan tun a fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakkiya a shekarar 1932, fassarorin da suka biyo baya kuma ba su yar da ita ba. Da ita aka juya kalmar Helenanci skandalon, wadda asalinta take nufin tarko, ko wani abu da aka gitta a hanya domin mai tafiya ya faɗi. Masu fassarar sun yi dace, gama Bahaushe ya san yadda tuntuɓe yake. Ana hango tsauni tun daga nesa a kewaye shi, amma kututturen kara, ko turken akuya, ko dutsen murhun da aka manta a tsakar gida, su ne masu fasa yatsa. Ƙaramin abu ne, a wurin da mutum ya saba takawa.

Kusa da tuntuɓe akwai waɗansu kalmomi uku da ya kamata ɗalibi ya rarrabe. Kishi fuska biyu gare shi. Ana yabon mai kishin ƙasa da mai kishin zuci, Littafin Fitowa ma ya kira Allah mai kishi, wato wanda ba ya yarda a haɗa shi da wani. Amma daga wannan tushe ne aka samo kishiya, da duk abin da sunan yake ɗauke da shi. Hassada, wadda aka aro daga Larabci, ba ta da fuskar kirki ko ɗaya, domin ita ce son alherin wani ya gushe, shi ya sa Musulmi yake neman tsari daga sharrin mai ita a Suratul Falaƙ. Ƙyashi kuwa ƙanen hassada ne, ɗan zafin nan da ke sukar zuciya idan aka ga wani ya samu. Game da ɓacin rai, harshen ya fi yawan amfani da aikatau biyu: a ji haushi, sannan a riƙe mutum. Ji na ɗan lokaci ne, yakan zo ba tare da an gayyace shi ba. Riƙo aiki ne da mutum yake yi da kansa, kullum safiya ya sabunta shi.

A Jamhuriyar Nijar Kiristoci ƙalilan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Aikin mishan na SIM ya soma a Damagaram a 1924, ya bazu zuwa Tsibiri da Maradi, aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ikilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aiki a karkara ƙanana ne, sau da yawa gida goma ko goma sha biyar, kowa surukin kowa ne ko ɗan uwansa. Irin wannan zama yana da daɗi ranar suna da ranar makoki. Amma wanda aka ɓata wa rai a cikinsa ba shi da wata majami'a a unguwar gaba da zai koma. Ko dai ya zauna benci ɗaya da wanda yake jin haushi, ko ya zauna a gida.

A wani gari na ƙasar Gobir, yamma da Maradi, akwai wani dattijo da ya zaɓi zaman gida. Mahaifinsa ya je Danja neman maganin kuturta, ya komo da sauƙi da kuma bangaskiya, shi kuwa ɗan ya tashi yana karatun boko a cikin Linjilar Markus. Shekara talatin ikilisiyar garin ba ta da fasto, shi ne mai karanta nassi ran Lahadi, shi ne mai riƙe mabuɗi, shi yake tara samari su yi wa ginin yaɓe kafin damina. A zaurensa ake sasanta ma'aurata, a bakinsa ake jin sunan jariri. A kan tabarmar zauren nan ya koya wa wani yaro maraya baƙaƙe, ya saya masa fensir, daga baya ya sa baki aka tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki. Yaron ya dawo fasto.

Shekarar fari dattijon ya yi ta alfahari da shi. Sannu a hankali takalman da ke taruwa a ƙofar zaurensa suka koma ƙofar gidan fasto. Bai ce kome ba, domin babu wanda ya yi masa laifin da za a iya faɗa. Sai ranar godiyar kaka ta zo, shekarar da aka sa wa majami'a rufin kwano. Fasto ya miƙe ya karanta sunayen waɗanda suka taimaka: wane jaka hamsin, wane jaka ashirin, har da wata ƴar kasuwa da ke zaune a Yamai. Dattijon ya kawo damman hatsi goma, ya kuma yi kwana takwas a kan tsani, amma takardar da ma'aji ya rubuta ta kuɗi ce kaɗai, sunansa bai fito ba. Lahadin da ta biyo ya bar bencin gaba ya koma na baya. Bayan wata biyu ya fara zuwa bayan an soma waƙa. Kafin bazara ya aika da mabuɗi a hannun jikansa, ya ce ƙafa ce take damunsa. Gaisuwa ba ta yanke ba. Idan sun haɗu a kasuwa yakan tambayi gajiya da iyali da sanyi, bai rage ko ɗaya ba, gama Bahaushe ya iya ɓoye gaba a cikin cikakkiyar gaisuwa.

Bai yi shakkar ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya gaskata ba. Da an tambaye shi ko Almasihu ya tashi daga matattu, da ya amsa ba tare da jinkiri ba. Abin da ya lalace a wani wuri dabam yake. A cikin addu'ar Ubangiji akwai gaɓar da mai roƙo yake ɗaura gafararsa a kan gafarar da yake yi wa waɗansu. Idan ya iso nan sai muryarsa ta yi ƙasa, daga baya ya daina yin addu'ar gaba ɗaya. Jibin Ubangiji ya guje masa, domin shi da bakinsa ya sha karanta wa jama'a Matiyu sura 5, inda aka umarci mai kawo baiko ya ajiye shi tukuna ya je ya shirya da ɗan uwansa. Littafin ma ya zame masa madubi. In ya buɗe Farawa, ga Kayinu yana harara saboda an karɓi baikon ƙanensa, ga ƴan uwan Yusufu da rigar nan mai ado. In ya buɗe Sama'ila, ga Sarki Saul, wanda waƙar mata guda ɗaya ta raba shi da barci don an ba Dawuda lissafin da ya fi nasa. Sai ya rufe Littafin, ya rataye shi a jakar fata.

Markus sura 6 ta bayyana irin wannan hali sarai. Mutanen Nazarat sun ji hikimar Yesu, ba su musa ta ba, amma suka yi tuntuɓe da shi domin sun san shi: masassaƙin garinsu ne, sun san uwarsa, ƴan uwansa mata suna zaune a cikinsu. Markus ya ce bai iya yin wani aikin al'ajabi a can ba, sai warkar da marasa lafiya kaɗan. Dattijon nan zai iya karɓar gargaɗi daga baƙon mai wa'azi da ya zo daga Jos ko Yamai, amma daga yaron da ya share wa majina, abin ya gagare shi. Hassada ba ta tafiya nesa. Manomi ba ya jin zafin arzikin sarkin wata ƙasa, gonar maƙwabci da ruwa ya sauka a kanta ya tsallake tasa ita ce take hana shi cin tuwo. Kuma idan aka bi ƙarar mai hassada har tushe, za a tarar ba maƙwabcin yake tuhuma ba, Mai rabon yake tuhuma. Wannan shi ne zancen misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20: waɗanda suka yini a rana an biya su dinarin da aka yi alkawari, ba a rage musu ko anini ba, fushinsu duka a kan alherin da maigona ya yi wa na ƙarshe ne. Mai bangaskiya yana dogara ga cewa Allah mai alheri ne a gare shi. Mai hassada ya riga ya yanke hukunci cewa Allah ya yi kuskuren rabo. Zuciya ɗaya ba ta iya riƙe biyun na dogon lokaci.

Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, zanga-zangar da ta tashi saboda zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta kai ga ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, aka kuma rasa rayuka. Garin dattijon wuta ba ta kai ba, maƙwabtansu Musulmi ma sun zo jaje. Da labari ya iso, ya tara ƴaƴansa maza a tsakar gida, ya hana su ko maganar ramuwa, ya ce abin da aka koya musu shi ne su yafe, su yi wa masu ƙonawar addu'a. Ya faɗi haka da zuciya ɗaya. Da dare matarsa, wadda ba ta taɓa fasa zuwa zumuntar mata ba duk tsawon wannan lokaci, ta ajiye masa fura, ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Malam, mutanen da ba ka san fuskarsu ba ka yafe musu a dare ɗaya. Yaron da ka koya wa karatu kuwa, yau kaka biyu ke nan kana riƙe da shi." Bai amsa ba. Furar ma bai sha ba.

Ita ce ta kai wa fasto maganar. Ya zo da yamma, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa a inda ya saba durƙusawa yana yaro. Ya ce, "Baba, na zo in ji laifina." Dattijon ya ba da amsar da kowa yake bayarwa: "Ba ka yi mini kome ba, ɗana." Sai a zuwa na uku ya ambaci takardar sunaye. Fasto ya nemi gafara, ran Lahadi kuma ya gyara kuskuren a gaban jama'a, ya ambaci damman hatsi da kwanakin tsani. Aka kawo wa dattijon labari, yana sauraron zuciyarsa ko za ta yi sanyi, ba ta yi ba. A nan ya gane cewa takardar ƴar rakiya ce kawai. Abin da yake cinsa tun kafin rufin kwano shi ne yaron ya fi shi iya wa'azi, jama'a kuma sun sani.

Ɓacin rai yana da sauƙin faɗa, har akan yi taƙama da shi, mutum ya ce shi ba a taka shi ya ƙyale. Hassada kuwa ba a taɓa jin mai ita ya amsa sunanta ba, kullum takan ari rigar wani abu: kishin gaskiya, ko kare al'ada, ko ciwon ƙafa. Matiyu ya ce Bilatus, baƙo kuma mai bautar gumaka, ya gane cewa saboda ita aka ba da Yesu, alhali masu yin ta suna ganin kansu masu tsaron addini ne. Hausawa suna cewa hassada ga mai rabo taki ce. Karin maganar ta yi bayanin gonar mai rabo, ta yi shiru a kan gonar mai hassada, wadda ba ta samun kome sai fari. Ranar da dattijon ya faɗa wa matarsa sunan ciwonsa da bakinsa, ranar ya sauko da jakar fata daga ƙusa.

Wurin da ya fi daɗewa a kansa shi ne Yahaya sura 3. Almajiran Yahaya Mai Baftisma sun zo masa da ƙorafi cewa jama'a duk sun koma wurin wanda shi ya yi wa baftisma. Yahaya ya amsa musu da misalin abokin ango, misalin da ba ya bukatar fassara a ƙasar Hausa. Abokin ango shi ne mai zirga-zirga, shi yake kai goro, shi yake ciniki da ƙawayen amarya a daren sayen baki, shi yake raka ango har ƙofar ɗaki. Daga nan sai ya juya ya tafi gida, ba a taɓa jin ya yi fushi don amarya ba tasa ba ce. Ladansa shi ne biki ya yi kyau. Shekara talatin dattijon ya yi yana tsaron ikilisiya har ya manta cewa ba tasa ba ce, ba kuma ta fasto ba.

Komowarsa ba ta zo da hawaye a gaban jama'a ba. Ya fara da ambaton sunan fasto a addu'ar asuba, makonni da yawa bakinsa ne kaɗai yake yi. Ya koma majami'a, ya zauna a bencin baya, bai nemi mabuɗi ba, ba a kuma mayar masa ba. Har yanzu idan aka fito ana yabon wa'azi yakan ji ɗan sukar nan a ƙirji, sai dai yanzu ya san sunanta, ba ya kuma ba ta masauki. Abin da ya roƙa guda ɗaya ne, a bar masa yara ranar Asabar ya koya musu karatu. A cikinsu akwai wata yarinya ƴar shekara tara da take haɗa baƙaƙe tun kafin ya gama nunawa, ta riga ta fara gyara masa inda idonsa ya tsallake layi. Ya lura da ita sosai, ya san abin da yake gani, domin ya taɓa ganin irinsa. Da aka tashi ranar, ya ba ta Linjilar Markus tasa ta tafi da ita gida.