Gonar Da Ake Ɗauka A Ka: Ziyara Zuwa Durumi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ran nan na ziyarci Durumi, unguwar da ke daura da Area 1 ta Garki a birnin Abuja, na ga abin da ya kamata in ba masu karatu labari.

Tun kafin Janar Murtala Muhammed ya zartar da dokar kafa sabon babban birni ran 3 ga Fabrairu, 1976, wannan yanki ƙasar noma ce ta Gbagyi, watau Gwarawa. Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, sai gini ya yi ta cin gona. A shekarar 2014 kuma, bayan Boko Haram ta kama Gwoza cikin watan Agusta, mutane da yawa daga Jihar Borno suka gudo, suka kafa bukkoki na buhu da leda a wani fili a Durumi. Galibinsu manoma ne, sun baro gonakinsu a gindin duwatsu.

Da na ratsa tsakanin bukkokin, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne tumatir a cikin tsofaffin bokitan fenti, da yankakkun jarkoki, da buhunan siminti. Na tarad da wata dattijuwa tana ba su ruwa. Na ce, "Sannu da aiki, Iya." Ta amsa, ta ba ni kujera 'yar tsuguno, sa'an nan ta shaida mini cewa ba ta sayi iri ko ƙwaya ɗaya ba, duk gyauro ne. Inda mata ke zubar da ruwan wankin kayan miya, da gefen juji inda ruɓaɓɓen tumatir ke faɗuwa, nan yake tsirowa da kansa in damina ta sauka wajen watan Afrilu.

Ga yadda take yi. Takan bari tsiron ya yi ganye huɗu ko biyar, ta haƙo shi da ƙasar gindinsa da yamma, in rana ta yi sanyi, don kada ya yanƙwane. Takan huda ƙasan bokiti domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, gama tumatir ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ta haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki da ɗan toka, ta dasa, ta kafa masa sanda. Cikin wata biyu zuwa uku sai a fara tsinka. Amma fa gyauro ba ya alkawari. In uwarsa irin kamfani ce wadda aka aurar, 'ya'yan sukan fito ƙanana, ba su kama da ita. Duk da haka, da babu gara ba daɗi.

Har wa yau akwai shukokin da yara ke tsintowa. In masu kula da lambunan manyan gidaje sun yi sassabe sun zubar, ko masu sayar da furanni a bakin titi sun yar da wanda ya yi yaushi, sai a kwaso. Reshen zogale da na shuwaka, in an soka su a ƙasa mai laima, sukan kama. Shawara ɗaya ga mai son gwadawa: ya guji mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki, ya kuma guji ƙasar da aka ƙona batir a kanta.

Kada mai karatu ya raina wannan aiki. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har masana'antar tumatir ta Kadawa ta tsaya, tumatir ya gagari talaka. A irin wannan lokaci, bokiti biyar a ƙofar ɗaki su ne bambanci tsakanin miya da lami.

To, me ya sa ba a shuka a ƙasa sosai? Amsar tana da ɗaci. Filin ba nasu ba ne. A watan Disamba na 2022 an rushe bukkoki da dama a wurin. Abin da aka shuka a ƙasa, katafila ta bi ta kansa. Wanda ke cikin bokiti kuwa, a ka ake ɗaukarsa tare da tabarma da tukunya.

Da zan tafi, dattijuwar ta ba ni tsiro biyu a gwangwanin madara. Na yi godiya, na kamo hanya ina tunani: ana iya raba manomi da gonarsa, amma ba a raba shi da noma. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.