In Buki Ya Kai Mu Damagaram

Gaisuwa daga matan asusu na Dawce zuwa ga sauran ƙungiyoyi, da fatan an gama aikin gona lafiya. Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kun kuwa san abin da ke biye: bukukuwa. Goron gayya ya fara zagaya gidaje, kuma ba duk auren ne na cikin gari ba. Wata ɗiyar Damagaram za a kai ta, wata Magarya, wata ƙetaren iyaka, Daura. Shi ya sa muka ce bari mu faɗa muku yadda muke yi da irin wannan tafiya, ko wata ƙungiya ta tsinci abin amfani.

Kowace ta san abin da bukin nesa ke ci. Ga anko, ga gudummawa, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga tsarabar yara, sannan sana'a ta tsaya kwana uku ko huɗu. Rancen da aka ɗauka don sana'a shi ke biyan kansa. Na buki kuwa, sau da yawa sai akuya ta je kasuwa. Ba mu ce a daina zuwa ba, wa zai ce haka? Zumunta a ƙafa take, kuma wadda ba ta zuwa na wasu, ranar nata tabarma kawai za ta gani. Amma ga da yawa cikinmu, buki ne kaɗai tafiyar da maigida ke cewa "Allah ya kiyaye hanya" ba sai an yi dogon bayani ba. To in an samu izini, an biya mota, ai asara ce mace ta je birni ta dawo ba ta ga komi ba sai bangon gidan buki da bakin tukunya.

Farko dai aikin da ya kai mu. Ba a fita yawo ana tsakiyar girki, ko ana lalle, ko ana jere. Muna zuwa mu sami uwar buki mu ce, "Yaya, wace safiya ce babu aiki da yawa?" Ita za ta nuna mana, ta haɗa mu da wata ɗiyar gidan da ta san gari. Mukan rabu biyu: rabi su fita, rabi su tsaya bakin murhu, gobe a canza. Kuma a tuna Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa. Baƙuwar kirki ba ta ƙarar da randar masu gida wajen wanki.

In ɗaurin aure Asabar ne ko Lahadi, mukan yi ƙoƙari mu tashi tun Laraba da yamma ko Alhamis da sassafe. Daga Matamaye mota ta bi ta Takeita, ta hau babbar hanya ta yi gabas. Dalilin sammakon shi ne Alhamis ce babbar ranar kasuwar Damagaram. Can cikin Kasuwar Dole ba kuɗi muke fara fitarwa ba, tambaya muke yi. Nawa kwalbar man gyaɗa? Nawa tiyar wake? Busasshen zogale da kuɓewa fa? Ma'ajiyarmu ta riƙe ɗan littafi tana rubutawa, mu dawo mu gwada da farashin gida. A nan muka ga man gyaɗa irin namu sak, amma an tace shi an zuba a kwalba mai tsabta da murfi, kuɗinsa ya wuce namu. Matan ƙungiyarmu masu tuyar ƙuli-ƙuli sun dawo sun yi haka. Wata mai shago da muka karɓi lambarta, yanzu in mai ya taru sai a kira ta, a ba direba ya sauke mata a tasha. Wannan ciniki daga buki ya fito.

Daga kasuwa sai Birni, tsohon garin. Nan fadar Sarkin Damagaram take, da masallaci a gabanta, da dogarai a ƙofa. A gaishe su da ladabi, su za su faɗi inda baƙo ke iya shiga da inda ba ya shiga. Sarki Tanimu, wanda tsoffinmu ke ambato, shi ya ɗaukaka garin nan a ƙarni na 19, ya kewaye shi da ganuwa, fatake suna shigowa daga Kano da Agadas har da Tarabulus. A 1899 Faransawa suka kama garin, ya zama babban birnin ƙasar nan kafin a mayar da mulki Yamai a 1926. Yaranmu suna karanta wannan a lakwal, daɗinsa uwa ta ce, "Na ga wurin da idona." Ku bi lunguna a hankali, ku ɗaga kai ku ga zanen da magina suka yi a fuskar gidaje, da manyan duwatsun da gari ya zauna tsakaninsu. Ku tsaya wurin dukawa ku ga yadda ake ƙawata jaka da takalmi. Mai saƙar faifai ko hula ba za ta rasa sabon zane da za ta ɗauko da ido ba, kuma wannan kyauta ne.

In aka wayi gari Lahadi da sauran lokaci, Mirya na nan gabas, ba ta kai kilomita 20 ba, kuma ranar ce kasuwarta. Tukwane da tuluna da kaskon turare na Mirya sun yi suna. Mukan haɗa kuɗi mu saye da yawa a yi mana ragi, a naɗe su da tsumma, a rungume a mota kamar jariri. Tsarabar yara kuwa alkakin Damagaram ya isa, ba sai an yi ta sayen tarkace ba.

Ga ƙa'idodin da muka yarda da su a taron zubi. Wata biyu kafin buki, kowace mai tafiya tana ƙara dala ashirin a mako, a ajiye daban, shi ne kuɗin kabu-kabu da ruwan sha. Asusun taimako ba a taɓa shi don yawo, na rashin lafiya ne da haihuwa da rasuwa. Mai riƙe da makulli, in za ta tafi, sai ta miƙa shi a gaban kowa. Katin shaida a jaka saboda shingayen hanya, kuɗi a lalita cikin zane. Ba a fita ɗaya-ɗaya, ba a kai magariba a waje. Ranar zubi ta farko bayan dawowa, kowace ta faɗi abu ɗaya da ta gano.

Masu zuwa Daura, ku nemi a kai ku rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya. Ku kuma tambayi canjin naira tun daga gida, kada a yi muku wayo a bakin iyaka. In kuma mu ne masu baƙi, kada mu ce ƙauye ba abin gani. Matan birni da suka zo mana buki lokacin sanyi, mun kai su garake sun ga rake tsaye a gona, mun nuna musu yadda ake matse tunkuza mai ya fito, sun tafi da kwalabe har suna neman ƙari.

Ƙungiyar da ta je wani gari ta gano abin da ba mu ambata ba, don Allah ta rubuto mu ma mu ƙaru. Allah ya sanya albarka a auren ɗiyanmu, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.